Wankan Inna

Litinin, bayan azahar

'Yata Nafisa ce ta ce in riƙa rubutawa a salula in abu ya cika mini ciki, tunda ita tana Yamai gidan mijinta, kuma ba kullum take da kredin kira ba. To ga shi ina rubutawa. Shekara huɗu kawai na yi ina karatu a lakwal, in da kuskure a yi haƙuri. Ba ma wanda zai gani.

Inna ta ƙi wanka yau ma. Kwana shida ke nan. Ga zafi, ga fitsarin da take saki a zane, ƙuraje duk sun feso mata a cinya da baya. Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na shimfiɗa leda da tabarma bayan ɗaki, tana ganin tabarmar ta riƙe ƙyaure da hannu biyu. Mace kamar kara, amma ban iya ɓamɓare ta ba. Na bar ta. Ruwan na yi wanke-wanke da shi.

Talata, hantsi

Pampo bai kawo ruwa ba. Bido biyu na ruwa suka rage.

Ba wanda ya shigo.

Laraba, bayan la'asar

Bari in faɗi yadda aka yi ta zo hannuna, ko zuciyata ta yi sanyi. Shekara biyu ke nan da na ɗauko ta daga unguwar Birni zuwa nan Kara-Kara, ranar da ta ɗora tukunya ta manta har labule ya kama. Mu biyu ta haifa, ni da Yaya Modu da ke noma a Tirmini. Ya ce ke ce mace, ke kika san kanta. Baban Nafisa bai hana ba, shi dama kamiyo, babbar mota, yake ja hanyar Agadas, sai ya yi sati uku ban ga ƙeyarsa ba.

Na kai ta likita bara. Majo mai duba marasa lafiya ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba iska ba ne, ba kuma sammu ba. Ya ce ba ya warkewa, a dai yi ta haƙuri da ita. Na ce haƙurin a wane farmasi ake saidawa. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Yanzu ba ta san ni ba. Yarinya take ce mini. In ranta ya ɓaci kuma Hausar ma gudu take yi, sai Barbarci, yaren iyayenta. Ni a Birni na tashi cikin Hausa, ban wuce gaisuwa da zo ki ci abinci ba. Sai ta yi ta magana tana kallon idona, ni kuma ina tsaye kamar bango.

Alhamis, magariba

Ta fita. Ina bayan gida, minti nawa ne, na fito ba ta nan, ba mayafinta.

A gidan Hajiya Gambo na same ta, layi na uku. Tana zaune tsakar gida ta tanƙwashe ƙafa tana yi musu gaisuwar mutuwa. Allah ya jiƙan ta, Allah ya sa ta huta, a kawo ruwa da magarya kada rana ta yi. Ga Hajiya Gambo nan zaune a kan katifa da ranta, tana shan kunu, wata biyu tana jinyar ƙafa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Shekara arba'in Inna tana wankan gawar mata a Birni. Duk macen da ta rasu, Ya Kaltuma ake aika wa, ko tana cin abinci sai ta ajiye. Tun ina 'yar shekara goma sha biyar nake bin ta ina zuba mata ruwa. Na yi musu wannan bayanin, na ba da haƙuri. Surukar Hajiya ta ce sun ji, amma a riƙa ɗaure ta. Ta faɗa tana jan ɗanta bayanta, kamar Inna za ta cinye shi.

A hanya Inna ta yi ta yi mini faɗa, wai na sa ta bar aiki ba ta gama ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Da, ran Juma'a Kulu maƙwabciyata kan leƙo ta katanga ta miƙo mini kwanon dambu, mu tsaya mu yi hira har tuwonta ya kusa kamawa. Yau na ji ƙamshin dambun. Kwano bai zo ba.

Asabar, hantsi

Ruwa ya zo, na cika komai har tukunyar miya.

Dole yau a yi wankan nan. Ƙurajen sun fara ruwa. An ce mini ganyen magarya yana kwantar da su, na daka na zuba a ruwan ɗumi kamar yadda na saba. Tun da ta zame daga kujera a banɗaki watan jiya ta fasa goshi, ba na yarda ta zauna, kwantar da ita nake a tabarma in rufa mata zane saboda kunya, in naɗe hannuna da tsumma mai laushi don fatarta ta zama kamar takarda. Ni dai iya lallaɓawa ina yi. Me ya rage ban yi ba?

Asabar, bayan azahar

An yi wankan.

Ba na son in rubuta sauran.

Lahadi, da safe

Ba ta kalle ni ba. Na kai mata koko ta juya fuska bango. Gefen kuncinta na hagu ya ɗan tashi. Na shafa mata man kaɗanya, ta bari, amma jikinta na rawa.

Ni ma ga hannuna, shatin haƙoranta huɗu ya fito sarai. Ta fi ni haƙori, tsohuwar nan.

Ta manta abin da ya faru, na tabbata ta manta. Jikinta ne bai manta ba.

Lahadi, la'asar

Hannun da ta riƙe ta koya mini tafiya.

Litinin, magariba

Yaya Modu ya kira. Ko gaisuwa bai gama ba. Ya ce labari ya iske shi har gona, wai duk unguwa na jin ihun Inna, wai ina dukanta. Wai Kulu ta ɗauki ihun a salula ta bayan katanga ta tura wa matarsa, ya saurara da kunnensa. Ya ce Falmata, uwar da ta haife ki?

Na buɗe baki in ce ƙarya ne. Bai fito ba.

Ya ce ran Juma'a ta sama zai zo da mota ya ɗauke ta. Akwai wani malami a ƙauyen gaba da su mai yi wa masu taɓin hankali magani, can zai kai ta. Na san wurin. Na taɓa raka wata. Na ga marin ƙarfe a ƙafafun mutane, na ga turken da ake ɗaure su a gindin itacen bedi. Na ce Yaya, Inna ba mahaukaciya ba ce, tsufa ne. Ya ce gara mari a hannun malami da mari a hannun 'yarta. Ya kashe.

Kwana goma sha ɗaya.

Talata

Ba wanda ya shigo.

Laraba, bayan azahar

Na kira Baban Nafisa. Yana wani wuri iska na ta kaɗa maganar. Ya ce ai ɗan'uwanki ne babba, in ya ce zai ɗauka ki bar shi, ke ma ki huta, dubi yadda kika koma. Ta ina ya ga yadda na koma?

Abin da ban gaya wa kowa ba: da ya ce ki huta, wani abu a cikina ya ce to. Na hango kaina ina barci har rana ta fito, ina zuwa suna da biki, ina zama bayan gida ba ina kasa kunne ba. Na ji daɗin hangen. Sai na juya na gan ta tana ninke tsummokara tana jerawa a bakin gado, tana lissafa su da yatsa, uku, uku, uku.

Nafisa ban gaya mata ba. Tana da ciki wata bakwai.

Alhamis, la'asar

Kullum in rana ta karkata haka take. Ta tashi, ta zauna, ta ɗaura mayafi, ta kwance, ta je ƙofa, ta dawo. Ana jirana, ana jirana. Na ce wa ke jiranku Inna? Ta ce ke ba ki da hankali ne, a bar baiwar Allah kwance har yamma? Ta nemi ƙwaryarta ta wanka, na ɓoye ta tuntuni a bayan buhun gero. Ta ce ni ɓarauniya ce, ta ce za ta gaya wa 'yarta in ta zo.

Na ce to, in ta zo ku gaya mata.

Asabar, da safe

Hajiya Gambo ta rasu da asuba. Allah ya jiƙan ta.

Na ji kukan daga nan. Na san abin da ake faɗa a kowane gida yanzu, ba sai an gaya mini ba. Na je ɗebo ruwa, mata uku a bakin pampo suka yi shiru lokaci ɗaya. Ɗaya ta tofa addu'a a cikin rigarta.

Asabar, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi aka yi sallama. Kulu ce, ta tsaya a zaure ba ta shigo ba. Ta ce mai wankan unguwa ta tafi Droum wajen 'yarta mai haihuwa, an nemi wata an rasa, maza na waje suna jira, rana na yi. Ta ce an tuna ni 'yar Ya Kaltuma ce. Duk maganar nan ƙasa take kallo.

Na so in ce su nemi wadda ba 'yar mayya ba. Amma Inna ba ta taɓa cewa a'a ba ko ga wadda suka yi shekara ba sa magana. Na ba ta fura, na ja ɗaki na sa kwaɗo. Karo na farko da na kulle ta. Ina tafiya ina jin tana buga ƙofa.

Rabona da ɗakin wanka shekara ashirin, amma hannu bai manta ba. Na ce a kawo ruwa mai ɗumi, a zuba magarya. Aka shimfiɗa leda da tabarma. Muka kwantar da Hajiya, na rufa mata zane daga ƙirji zuwa gwiwa. Na naɗe hannuna da tsumma. Na yi shiru, don Inna ba ta yarda a yi surutu a kan gawa. Na fara da dama.

A nan na tsaya. Surukar Hajiya na riƙe da buta tana jira, ni kuwa na kasa motsi.

Leda da tabarma. Ruwan ɗumi. Magarya. Zane a rufe. Tsumma a hannu. Dama kafin hagu. Ba magana.

Haka nake yi wa Inna. Wata guda cur haka nake yi mata, komai da komai, kafur kawai ban sa ba. Ban taɓa wanke babban mutum mai rai ba, wankan da ta koya mini shi hannuna ya ɗauko. Matar da ta yi shekara arba'in tana wannan aikin, ta manta sunana, ta manta ta ci abinci, amma ƙamshin magarya a ruwan ɗumi ta san me yake nufi. Ta buɗe ido ta gan ta kwance a tabarma, wata baƙuwa a kanta da tsumma.

Ni ma da cizo zan yi.

Na gama wa Hajiya wankanta yadda ya kamata, na yi mata kitso uku, na sa kafur. Hawayen da na yi suka ɗauka na Hajiya ne. Na bar su a haka.

Da na dawo na buɗe kwaɗo, tana zaune bayan ƙofa ta yi fitsari. Ta shinshina hannuna ta ce, wa aka yi wa? Na ce Hajiya Gambo. Ta ce kin sa kafur a na ƙarshe? Na ce na sa. Ta ce madalla.

Wata nawa rabon da mu yi magana ta tafi daidai haka.

Lahadi, hantsi

Na naɗe tabarmar nan na jefa kan rufin kaji. Sauran magaryar na zubar.

Ban ɗora ruwa a wuta ba. Na ɗebo na randa mai sanyi a bokiti, na ajiye tsakar gida cikin rana, na sa sakata a ƙofar zaure. Na kunna rediyo da ƙarfi. Na kifa turmi a jikin bango inda ba za ta zame ba. Ban ce mata komai ba, ni na zauna a ƙasa da ɗaurin ƙirji na sheƙa wa kaina ruwa, na yi ta ihun sanyi kamar yarinya. Tana bakin ƙofa tana kallo. Na miƙa mata soso da sabulu mai ƙamshi na ce, Inna ku cuɗa mini baya, hannuna ba ya kaiwa.

Ta daɗe. Sannan ta zo ta zauna a turmin.

Kai, ashe da sauran ƙarfi. Ta cuɗe ni kamar tana kankare tukunya. Ta kama kunnena ta murɗa ta ce dubi dauɗa, uwarki ba ta yi miki wanka ne? Na ce ba ta yi. Ta ce ƙazamar uwa. Na yi dariya har ruwan sabulu ya shiga bakina. Ina dariya ina watsa mata ruwa a ƙafa, a hannu, ta rama, zanenta ya jiƙe, ta ce to ai sai ki ƙarasa. Na cuɗa ta a zaune, da hannuna tsirara, na fara ta hagu da gangan, bakina bai rufu ba, na ba ta labarin tsadar tattasai da akuyar Kulu da duk abin da ya zo mini.

Ba ihu. Ko ɗaya.

Bayana na zafi har yanzu. Ban so ya daina ba.

Litinin

Yau bai yi ba. Ta jefe ni da soso ta shige ɗaki. Na goge mata da jiƙaƙƙen zane kawai.

Laraba, hantsi

Yau ya yi. Ƙurajen sun fara bushewa.

Kulu ta leƙo ta katanga ta gan mu jiƙe sharkaf muna faɗa a kan sabulu. Sai ta sauka.

Saura kwana biyu.

Alhamis, magariba

Na wanke kayanta na ninke, ban sa a jaka ba. Na fito da jakar, na mayar. Na sake fitowa da ita.

In Yaya ya ce sai ya tafi da ita, ba ni da ƙarfin hana shi. Shi ne namiji, shi ne babba.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya Modu ya zo da hantsi, shi da direba. Direban ya tsaya a mota. Inna na zaune a inuwa, na yi mata wanka tun da safe, na sa mata shuɗin zanenta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi ta ce, wa ya rasu? Ya ce ba kowa Inna, Modu ne. Ta ce to in ba a yi rasuwa ba me ya kawo ka gidan mata.

Ya tashi ya zo inda nake, ya fito da salula ya kunna abin da Kulu ta tura. Ban taɓa jin ihun daga waje ba. Na toshe kunne ɗaya. Shi wajen kakarmu ya tashi, yana jin Barbarci. Ya ce kin san abin da take faɗa?

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Cewa take, da raina. Da raina, ku duba, ina numfashi, kada ku rufe ni." Ya ce wane irin duka ne zai sa tsohuwa ta faɗi haka?

Na zauna a ƙasa. Ashe har faɗa mini take yi. Wata guda tana faɗa mini.

Na gaya masa komai, tabarmar, magaryar, tsumman, ɗakin Hajiya Gambo. Na nuna masa tabarmar a kan rufin kaji. Sannan na ce, "Yaya, na mare ta. Sau ɗaya, ran Asabar waccan, da ta cije ni. Ba ƙarya aka yi mini ba. In don wannan za ka ɗauke ta, ɗauke ta ka kai ta ɗakinka, ka wanke ta da hannunka. Amma ba gindin bedi ba. Wadda take ganin an kwantar da ita za a binne, in aka sa mata ƙarfe a ƙafa me za ta gani?"

 Ya daɗe yana kallon Inna tana ninke tsummokaranta. Ya share fuska da hular da ya cire. Ya ce matarsa ba za ta iya ba, ga yara, ga damina na tafe. Na ce na sani.

Ya fita ya dawo da buhun gero rabi da ya zo da shi, ya jingine a zaure. Ya ce in yafe masa. Na ce ba komai. Na ce ko zai kwana biyu, ya zauna da ita ko na wuni ɗaya, in je in ga Birni, in yi barci. Ya ce direba na jira, kuma yana son ya samu Juma'a a gida. Ya ce bayan shuka in sha Allah.

Na ji tashin motar har ta sha kwana.

Na ci nasara ke nan. Na mayar da jaka ƙarƙashin gado. Gidan ya yi shiru, daga ni sai ita sai rediyo.

Asabar, hantsi

Bayan wanka ina shafa mata mai a ƙafa, ta kama hannuna ta juya shi, ta duba ciki ta duba baya, har wurin haƙoranta ta shafa. Ta ce wa ya cije ki? Na ce wata ce. Ta ce mutane ba su da kirki.

Ta matso kamar za ta faɗi asiri.

"Yarinya, hannunki na da kyau. Ina da 'ya, Falmata sunanta. Tana zuba mini ruwa, amma tausayi ya yi mata yawa, in ta dawo gida ba ta iya cin abinci. In ranar ta zo, ke za ki wanke ni. Ita ku zaunar da ita a waje, kada ku bari ta shigo. Kin ji?"

Na ce na ji, Inna.

Ta ce ki yi alkawari.

Na yi.

Lahadi, da safe

Pampo bai kawo ruwa ba. Bido ɗaya ya rage, na ajiye mana na wanka.